Teburin tarihin sauye-sauye a rumbun bayanai

Teburin tarihin sauye-sauye teburi ne da ake ƙirƙira a rumbun bayanai domin adana yadda kowane layi yake kafin a canza shi ko a goge shi. Buƙatarsa ta samo asali ne daga halin umarnin UPDATE, wato umarnin gyara bayani a SQL, harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi: da an rubuta sabon bayani, tsohon ya tafi ke nan. Idan aka mayar da albashin ma'aikaci naira 90,000 daga 70,000, sabon adadin kaɗai babban teburi zai nuna. Ba zai faɗi wanda ya taɓa shi ba, balle ranar da aka taɓa.

Tsari biyu aka fi bi. A na farko, kowane teburi ana yi masa tagwai mai ginshiƙai iri ɗaya, sai a ƙara lokacin sauyi, irin aikin da aka yi (sakawa, gyara ko gogewa) da wanda ya yi shi. Duk gyara, sai a kwafe layin gaba ɗaya zuwa can. Wannan yana cin wuri, amma dawo da layi yadda yake a wata rana ba ya wahala. A na biyu, teburi ɗaya ne ke karɓar sauye-sauyen rumbun duka, yana riƙe sunan teburi, lambar layi, tsohon bayani da sabo. Masu amfani da manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL kan zuba waɗannan a ginshiƙin jsonb, irin ginshiƙin da ke iya riƙe bayanai iri-iri a haɗe, wanda ya zo da sigar 9.4 a 2014. Yana da sauƙin kafawa, sai dai ranar bincike ake jin jiki.

Inda aka fi saɓani shi ne wa zai rubuta tarihin. Ana iya barin manhaja ta yi, ko a ɗora wa tiriga, wato ɗan umarnin da ke tashi da kansa duk lokacin da aka taɓa teburi, yana ganin layin kafin gyara da bayansa. Tiriga ta fi aminci, domin ko mai kula da rumbu ya shiga ya gyara da hannu, za ta kama. Rauninta shi ne asusun da ya haɗu da rumbun kawai ta sani, alhali yawancin manhajoji da asusu ɗaya suke shigar da kowa. Don haka dole manhaja ta miƙa mata sunan mai aikin a kowane zama, in ba haka ba ginshiƙin wanda ya yi sauyi ya cika da suna ɗaya marar amfani. Akwai kuma ramukan da ba kowa ke lura da su ba: a PostgreSQL, umarnin TRUNCATE, mai share duk layukan teburi lokaci guda, ba ya tada tirigar gogewa ta layi-layi, a manhajar MySQL kuwa gogewar da ta biyo ta maɓallin waje, wato ginshiƙin da ke haɗa layi da na wani teburi, ba ta tada tiriga. Ƙa'ida ce a adana lokaci da UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, a kuma hana asusun manhaja gyara ko goge abin da ke teburin tarihin.

Richard Snodgrass na Jami'ar Arizona na cikin waɗanda suka daɗe suna nazarin lokaci a rumbun bayanai, shi ya jagoranci aikin TSQL2, wato faɗaɗa SQL don ya kula da lokaci, da aka wallafa a 1995. Ma'aunin SQL:2011 ya shigo da teburin da rumbu ke adana tarihinsa da kansa. Cikin manhajojin rumbun bayanai, SQL Server ya kawo shi a sigar 2016, MariaDB kuma a sigar 10.3 ta 2018. Da jimlar FOR SYSTEM_TIME AS OF ana ganin teburi yadda yake a lokacin da aka zaɓa, sai dai rumbun ba ya rubuta wanda ya yi sauyin sai an tanadi ginshiƙi dominsa.

Teburin tarihi yakan fi na asali girma nesa ba kusa ba, shi ya sa ake rarraba shi wata-wata ko shekara-shekara. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai (GDPR), wadda ta fara aiki a 2018, da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 sun ba mutum damar neman a goge bayanansa, kuma kwafin da ke teburin tarihi na cikin abin da za a duba.