Me ya haɗa bidiyo da biza da littattafan Veda?

Wai da gaske ne bidiyo da biza 'yan gida ɗaya ne?

Ƙwarai kuwa, har da wutsiyar kalmar talabijin, wato vision na television. Daga Turanci muka aro su, shi kuma ya ɗebo su daga Latin, inda videre ke nufin gani. Video a Latin "ina gani" ne. Visa kuwa takardar da jami'i ya riga ya gani, ya amince da ita. Da suka faɗo bakin Bahaushe sai v ta koma b, tunda ba mu da wannan sautin.

Shi Latin ɗin a ina ya samo?

Gado ya yi daga harshen da masana ke kira Proto-Indo-European, kakan Latin da Girkanci da Sanskrit (tsohon harshen Indiya) da Rashanci da Turanci. Yawancinsu na ganin an yi shi a filayen arewacin Bahar Aswad, shekara 5,000 ko fiye da suka wuce. Tushen shi ne *weyd-. Wannan ɗan tauraron alama ce ta cewa ba a taɓa samunsa a rubuce ba, kwatanta jikokinsa aka yi aka gano kamanninsa.

To gani yake nufi ko sani?

Nan ne daɗin zancen. Siffarsa ta aikin da ya kammala, *woyde, "ya gani" take nufi, amma tun a can ta zama "ya sani". Wanda ya gani ai ya sani, gani ya kori ji. Shi ya sa a Sanskrit veda ke nufin ilimi, da ita kuma ake kiran tsofaffin littattafan addinin Hindu. Girkawa suka zubar da w, suka bar oida, "na sani". Rashanci ya riƙe duka biyun: videt gani, vedat sani. A Turanci d ta rikiɗa t, aka sami wit, kaifin hankali. Haka decem na Latin, wato goma, yake ten a Turanci. Jacob Grimm, wani Bajamushe masanin harshe, ne ya tsara wannan ƙa'ida ta sauyin sauti a 1822.

Akwai dangantaka da namu "gani"?

Babu. Hausa 'yar reshen Cadi ce a dangin Afro-Asiya, gidan su Larabci. Sai dai mu ma mun bi irin wannan hanyar da ƙafarmu: daga gani muka fitar da gane. Malami ya gama bayani ya ce "kun gani?", kuma fahimta yake tambaya.