Allah Yana Baƙin Ciki da Zunubinmu? Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin nan sukan taso wajen nazarin Littafi Mai Tsarki a tsakanin Kiristoci masu jin Hausa a Kumasi, musamman matasan unguwannin Aboabo da Asawase, waɗanda abokan hira kan tare su da irinsu a teburin mai shayi.

Allah Mai Iko Duka ne, yaya za a ce yana baƙin ciki?

Littafin bai ɓoye ba. Farawa 6:6 ta nuna cewa kafin ruwan tsufana, da muguntar 'yan Adam ta yi yawa, abin ya ɓata wa Ubangiji zuciya. A Afisawa 4:30 Bulus ya ce kada mu ɓata wa Ruhu Mai Tsarki rai, kuma laifuffukan da ya jera a wurin na yau da kullum ne: ƙarya, sata, kwana da fushi, baƙar magana.

Ba baƙin cikin wanda aka fi ƙarfinsa ba ne, ko wanda abu ya zo masa ba zato. Irin na uwa ne da ɗanta ya faɗa shan tramol. Ba a taɓa mata ko sidi ɗaya ba, amma ga ta zaune a ƙofar ɗaki har asuba, tana sauraron motsin ƙyaure.

A ina aka ga haka a fili?

Luka 19:41. Jama'a na ta sowa a gangaren Dutsen Zaitun, Yesu kuwa da ya hango Urushalima sai ya fashe da kuka, ya ce ba za a bar dutse a kan dutse ba. A shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu sojojin Roma suka rushe ta. Ya san hukunci na tafe, bai kuwa yi murna da shi ba.

Ciwon da ke jikina hukuncin zunubina ne?

Almajirai sun yi wannan tambaya a kan mutumin da aka haifa makaho (Yahaya 9), Yesu ya ce ba laifinsa ba ne, ba na iyayensa ba. Saboda haka ɗan'uwa, in hawan jini ne, ka tafi asibitin Komfo Anokye likita ya duba ka, mu kuma mu yi maka addu'a. Wanda ya ce ka zubar da magani don ka nuna bangaskiya, a ganina ya cuce ka.

To mece ce warkarwa ta ruhu?

Gyaran abin da zunubi ya ɓata tsakaninka da Allah. A Yusha'u 14:4 Ubangiji ya ce zai warkar da rashin amincin mutanensa, 1 Bitrus 2:24 kuma ta ce da raunukan Almasihu aka warkar da mu. Dawuda, bayan ya ɗauki matar Uriya ya sa aka kashe shi, sabuwar zuciya ya roƙa a Zabura 51.

Nadama kaɗai ta isa?

A'a. Yahuza, wanda ya ci amanar Yesu, shi ma ya yi nadama, ya je ya rataye kansa. Bitrus, bayan ya yi musun sanin Yesu, ya yi kuka mai zafi, amma ya koma wurin Ubangijinsa. Zakka mai karɓar haraji kuwa ya ce duk wanda ya zalunta zai mayar masa ninki 4. In kin buga gindin olonka, wato gwangwanin awo, ciki don ki rage wa masu sayen masara awo a kasuwar Kejetia, 'yar'uwa, ki faɗa wa Allah, ki sauya gwangwanin, waɗanda kika sani kuma ki cika musu abinsu.