Fomatin kwamfuta don sabo

Fomatin na sabo shi ne mutum ya goge babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutarsa, Windows ce ko Linux ko macOS, ya sake ɗora ta daga farko ba don ta lalace ba, kawai dai ya saba yin hakan duk wata shida ko duk shekara, ko duk sanda ya ji ta ɗan yi nauyi. A bakin masu gyara cewa ake "a yi mata fomat" ko "a sake mata Windows". A asali fomat na nufin shirya faifan ajiya ne kaɗai yadda zai karɓi fayil, amma yanzu kalmar ta haɗiye aikin gaba ɗaya, tun daga gogewar har ɗora sabuwa da farautar draibobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa sassan kwamfuta su yi aiki. Abin ya fi yawa a wajen masu Windows, can ma ya samo asali, sai dai 'yan Linux su ma suna da irin nasu.

Inda abin ya faro

Ba haka kawai mutane suka ɗauki wannan ɗabi'ar ba, akwai lokacin da ita ce magani na gaskiya. Windows 95 ta fito a watan Agusta 1995, Windows 98 ta biyo a 1998, sai Windows Me a 2000, kuma duk ukun suna da ciwo iri ɗaya, in aka daɗe ana sa manhajoji ana cirewa sai su riƙa taɓarɓarewa a hankali har su gagari mai su.

Babban dalilin shi ne fayilolin haɗaka da ake kira DLL. Fayil ɗaya ne manhajoji da yawa ke amfani da shi, yana zaune a foldar sistem, to a wancan zamanin kowace manhaja in za ta shiga tana iya zuwa da nata kwafin ta danne wanda ta tarar, ko da nata ne tsoho. Sai ka sa wasan mota yau, gobe firinta ta ƙi aiki, kuma ba abin da zai nuna maka alaƙar da ke tsakaninsu. In ka cire wasan ma ba lallai abin ya gyaru ba, wani lokacin ma tafiya zai yi da fayil ɗin da wasu ke buƙata. Ga kuma rajista, wato kundin da Windows ke rubuta saitin komai a ciki, wadda kowa ke rubutu a cikinta ba mai sharewa. Ga faifan ajiya mai juyawa, wato HDD, da fayiloli ke warwatsewa a kansa gutsi-gutsi har sai an zauna an yi masa difrag da hannu, wato a tattara gutsattsarin wuri guda. Microsoft da kansa ya taɓa amsa cewa Windows 95 da 98 na iya daskarewa in suka yi kwana 49.7 a kunne ba a kashe ba, saboda wani ma'aunin lokaci da ke cika ya koma sifili, kuma barkwancin da ake yi shi ne an daɗe ba a gano ba don da wuya a samu wadda ta kai kwanakin ba ta faɗi da kanta ba.

A irin wannan yanayi wanda ya goge ya sake ɗorawa ya fi wanda ya tsaya bincike hankali. Har kayan aiki aka ƙera don haka. Ghost, wadda kamfanin Binary Research na ƙasar New Zealand ya yi kuma Symantec ya saya a 1998, tana ɗaukar hoton faifan gaba ɗaya lokacin da yake tsaf, in ya ɓaci a mayar cikin 'yan mintuna. Masu kafe na intanet da ɗakunan kwamfuta na makarantu kuma suka rungumi Deep Freeze, wadda duk ɓarnar da aka yi da rana in an kashe an kunna sai ta koma yadda take.

Zamanin XP da bairus

Windows XP ta fito ranar 25 ga Oktoba 2001 a kan harsashin NT, wanda ya fi na su 98 ƙwari nesa ba kusa ba. Tana da kariyar fayilolin sistem da aka fara tun Windows 2000, tana iya ajiye kwafin DLL iri-iri gefe da gefe kowace manhaja ta ɗauki nata, ga System Restore da ta gada daga Windows Me mai mayar da saiti zuwa na jiya ko na makon jiya. Rabin dalilan fomat sun mutu a nan ke nan. Amma sai bairus ya zo ya ba ɗabi'ar sabon rai.

A watan Agusta 2003 Blaster ya ɓulla, kana cikin aiki sai akwati ya fito yana ƙirga daƙiƙa 60 kafin kwamfuta ta kashe kanta, a 2004 kuma Sasser ya biyo sahu. Abin dariya a nan shi ne fomat ɗin kansa kan mayar da mutum baya, don faifan CD da aka ɗora XP daga shi tsoho ne ba shi da gyaran da ya toshe ƙofar, da an haɗa intanet kafin a gama sauke sabuntawa bairus ɗin ya sake shigowa. Sai da babbar sabuntawar XP mai suna Service Pack 2 ta zo a Agusta 2004 ta kunna katangar tsaro tun daga farko sannan aka ɗan sarara.

A ƙasar Hausa kam filash ne ya fi yaɗa cutar, tunda intanet ɗin gida bai wadata ba a lokacin. Ɗalibi ya kai filash ɗinsa shagon buga takardu a kusa da makaranta, ya dawo ya soka a laftof, sai ya ga duk foldodinsa sun zama shotkot, hankali ya tashi. Alhali galibi fayilolin suna nan, ɓoye su kawai aka yi, umarni ɗaya na attrib kan fito da su. Amma wa zai tsaya wannan? Antibairus ɗin ba a sabunta shi ba don data da tsada, sai a wuce shago a yi fomat, bayan wata biyu a koma. Windows 7 ta hana filash kunna kansa da kansa, a 2011 aka tura irin wannan gyaran zuwa XP da Vista, amma sabo ya riga ya kama.

Yadda ake yi a shago

Wanda ya taɓa zama a shagon gyara ya san yadda hirar take. Mai kwamfuta ya ajiye ta ya ce "Oga, nauyi take min kwanan nan", mai gyara ko buɗe ta bai yi ba zai ce "Sai fomat, Malam. Akwai abu mai muhimmanci a ciki?" Ya zaro filash da aka zuba wa Windows da manhajar Rufus, ya soka, ya riƙa dannan F12 ko F9 ko Esc gwargwadon kamfanin da ya ƙera ta, har a iso shafin da ake jero fatishan-fatishan na faifan, wato sassan da aka raba shi kamar C da D. Nan ne wajen da ake kuka. In ya goge na C kaɗai, abin da ke D ya tsira, in kuwa gaggawa yake ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya share, to hotunan biki da furojet ɗin shekarar ƙarshe sun tafi, kuma ko a C ɗin ma ai Desktop da Documents da Downloads duk a can suke, mutane da yawa ba su san haka ba sai bayan an gama.

Ba mugunta ba ce ke sa masu gyara son fomat, lissafi ne. Aiki ne na kamar awa ɗaya mai tsayayyen farashi wanda ko yaron shago zai iya, kuma mai kaya zai ga canji da idonsa nan take. Binciken ainihin matsalar kuwa yana iya cin wuni guda, a ƙarshe ka ce wa mutum manhaja ɗaya ce ka cire, ya ga kamar ba ka yi aikin da za a biya ka ba.

Me ya sa take sauri bayan fomat

Tana sauri kam, wannan ba ƙarya ba ne. Amma ba wai Windows ce ta tsufa aka sabunta ta ba, manhaja ba taya ba ce da za ta suɗe. Abin da ya tafi shi ne tarkacen da ke tashi tare da ita in an kunna, antibairus biyu da ke faɗa da juna, manhajojin da kowacce ta dasa mai duba mata sabuntawa, ƙarin kayan da aka liƙa wa burauza. Duk waɗannan ana iya kashe su ba tare da an goge komai ba, tun Windows 98 akwai manhajar msconfig ta yin hakan, daga Windows 8 kuma an sa shafin Startup a cikin Task Manager da ke nuna wace ce ta fi jan lokaci. Shi ya sa saurin bai cika daɗewa ba, mutum zai sake ɗora kayan nan dai da ya saba da su, cikin 'yan makonni ta koma gidan jiya, shi kuma ya ƙara yarda cewa lokacin wani fomat ɗin ya yi.

Batun cewa rajista ce ke cika ta sa nauyi ma ya zama tsohon zance, Microsoft ya fito fili ya ce ba ya goyon bayan manhajojin share rajista. Difrag kuma tun Vista Windows ke yin abinta a kan jadawali, SSD ma, wato sabon nau'in faifai marar juyawa, ba ta buƙatarsa.

Akwai kuma nauyin da ko sau goma aka yi fomat ba zai tafi ba. Faifan HDD da ya fara mutuwa, wanda bayanan lafiyarsa da ake kira SMART za su nuna in an duba. RAM mai 4GB da ake so ta ɗauki Windows 11 da shafuka ashirin na Chrome, alhali 4GB ɗin shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke nema. Fanka da ƙurar hunturu ta toshe har furosesa ya riƙa rage gudu don kada ya ƙone. Tsohuwar laftof ta hannu in aka cire mata HDD aka sa SSD sai ka rantse wata ce aka canjo, kuma wannan ne gyaran da fomat ya fi ɓoyewa, don bayan fomat faifan mai ciwo kan ɗan yi kamar ya warke har ranar da zai tafi da komai.

Kuɗin da ake biya ba na mai gyara ba ne kaɗai. Fayil ɗin ɗora Windows 11 ya haura 5GB, bayan shi ga sabuntawa ga draibobi ga Office, duk data ce. Ga kalmomin sirri da ke ajiye a burauza, ga lasisin manhajojin da aka saya. Sannan in a SSD ne abin da aka goge da wuya ya dawo saboda TRIM, tsarin da ke sa SSD ta share gurbin abin da aka goge, saɓanin HDD da in fomat na gaggawa aka yi masa ana iya kwato wasu fayilolin muddin ba a rubuta wani abu a kansu ba. In faifan kuma a kulle yake da BitLocker, makullin faifai na Windows, ba mai ciro komai daga ciki sai da kalmar sirrinsa ko mabuɗinsa mai lamba 48.

Linux da Mac

Nasu 'yan Linux ba nauyi ba ne ke kawo shi, ƙaiƙayin hannu ne. Linux iri-iri ce, Ubuntu tun fitowarta a Oktoba 2004 take sakin sabuwa duk wata shida, Afrilu da Oktoba, ga Fedora ga Mint ga Arch ga Debian duk kyauta, sai ka ga mutum wannan makon yana nan mako mai zuwa ya koma can, ya fi ɓata lokaci wajen gyara kalar allo fiye da aikin da ya sayi kwamfutar dominsa. Alhali Debian an san ta da hawa daga tsohuwa zuwa sabuwa ba tare da gogewa ba, Arch kuma kullum a sabunce take, Ubuntu mai LTS, wato ta dogon zango, tana samun kulawar shekara biyar. Waɗanda suka daɗe a harkar sukan ware fatishan na /home, inda fayilolin mutum ke zama, daban, don ko sun sake ɗorawa fayilolinsu na nan. A gaskiya dai da yawa ta wannan yawon suka koyi Linux ɗin, ba za a ce duk asara ba ce.

A Mac abin ya kusa rasa ma'ana. Tun macOS Big Sur ta 2020 sistem ɗin yana zaune ne a wani sashe da aka hatimce ba a rubutu a kansa, wanda aka sake ɗorawa da wanda aka goge duk abu ɗaya ne.

Inda ya zama dole

Akwai wuraren da ba a jayayya. In bairus mai satar bayanai ko mai kulle fayil don neman fansa ya shiga, ba a yarda da wannan sistem ɗin kuma, gogewa ake. In za a sayar da kwamfuta ko a bayar da ita, ko an sayo ta hannu ba a san me tsohon mai ita ya bari ba, haka nan. In an canza faifai, ko Windows ɗin da ke kai ta bogi ce da aka yi wa kutse. Wani lokacin ma sabuwa fil daga kamfani tana zuwa da abin da ya kamata a goge, kamar Superfish da aka gano a wasu laftof ɗin Lenovo a 2015, mai raunana tsaron shafukan intanet.

Kafin a kai ga nan akwai matakai na tsakiya. Umarnin sfc /scannow da DISM suna gyara fayilolin sistem da suka lalace. Windows 8 ta kawo Refresh da Reset a 2012, Windows 10 ta haɗe su a Reset this PC mai zaɓin barin fayilolin mutum, daga 2020 kuma ana iya sauko da sabon kwafi ta intanet daga nan ciki ba sai da filash ba. Ana kuma iya ɗora Windows a kan Windows, manhajoji da fayiloli su zauna, tsohuwar ta koma foldar Windows.old na kwana 10 ko da mutum zai so komawa.

Sannan ko fomat ɗin ma yana da iyaka. A 2018 kamfanin tsaro na ESET ya bayyana LoJax, wanda ke maƙalewa a UEFI, wato manhajar da ke kan allon uwa, babban allon da ke cikin kwamfuta, tana tashi kafin Windows, a goge faifai ko a canza shi ɗungurungum yana nan, sai an sake rubuta UEFI ɗin ko a canza allon.