Asfirin da ciwon ƙirji: tambayoyi da amsoshi

Wai me ya haɗa asfirin, maganin ciwon kai, da bugun zuciya?

A cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da likitoci ke kira filetilet. Su ne ke taruwa su tsayar da jini idan mutum ya yanke. To, idan kitsen da ya taru a jikin jijiyar da ke kai wa zuciya jini ya tsage, sai su ɗauka rauni ne, su dunƙule su toshe hanya, abin da ke kawo bugun zuciya ke nan. Asfirin na hana su mannewa da juna, kuma duk ƙwayar da ya taɓa, tasirinsa na nan a kanta har ƙarshen kwanakinta, wato 7 zuwa 10. A 1988 wani babban gwajin likitoci mai suna ISIS-2, kan majiyyata sama da 17,000 da ake zaton bugun zuciya ya same su, ya nuna asfirin ya rage mace-mace da kusan kashi 23 cikin 100.

Yaya ake ba da shi a lokacin gaggawa?

Miligiram 300, a tauna, kada a haɗiye shi ɗungurungum. Farasitamol ba ya wannan aikin. Kuma taunawar ba ta buɗe jijiyar da ta riga ta toshe, hana gudan jinin ƙaruwa kawai take yi. Wanda ke Ƙauran Namoda ko Talatan Mafara ya nufi asibiti mafi kusa nan take, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, a yi masa gwajin aikin zuciya, ECG.

Ta yaya zan gane ba olsa ba ce?

Nan ne muke yawan yin asara: ƙirji ya ɗaure, a ce olsa ce, a tura yaro kemis. Nauyi kamar an aza dutse, mai bin hannun hagu ko muƙamuƙi, da zufa da haki, na zuciya ne har sai likita ya ce a'a. Idan yana zuwa wurin noma ko tafiya, ya lafa da an huta, shi ne anjaina. Ya fara zuwa kana zaune? Gaggawa ce.

Wa bai kamata ya sha ba?

Mai zubar jini, mai gyambon ciki da ke jini, da wanda asfirin ke tayar masa da borin jini ko asma. Shanyewar ɓarin jiki ma ba a ba da shi sai an yi hoton ƙwaƙwalwa.

Me ya sa ake ƙara magani na biyu?

Clopidogrel ko ticagrelor ta wata hanya daban suke kama filetilet. Yawanci ana haɗa ɗaya da asfirin miligiram 75 kullum har wata 12. Wanda aka saka wa ƙaramin bututu a jijiya, idan ya ajiye su don ya ji sauƙi, bututun na iya toshewa. In kana shan su ka ga baƙin bayan gida, yana iya zama alamar zubar jini a ciki, ka koma wurin likita a ranar.