Ku Daina Yi Wa Masu Safarar Mutane Rufin Asiri A Amurka

A asibitin da nake aiki a nan Amurka, sau da yawa akan kawo yarinya da ƙuna a hannu ko ciwon baya, sai matar da ta rako ta ta riƙa amsa kowace tambaya, ita kuwa yarinyar kanta na sunkuye. Idan muka keɓe da ita, sai mu ji fasfonta na hannun uwar ɗakinta, kuma ta shekara biyu tana aikatau ba a ba ta ko sisi ba, wai tana biyan kuɗin jirgi. A dokar ƙasar nan wannan safarar mutane ce, ko da gwaggonta ce ta kawo ta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da zarar magana ta fito, sai manyanmu su taru su ce a sasanta a cikin gida, a kuma tsoratar da yarinyar cewa hukuma kora ta za ta yi. Don Allah iyayena, asirin wa kuke rufawa? Na wadda aka zalunta, ko na wadda ta ƙwace fasfon?

Tun shekarar 2000 akwai dokar kare waɗanda aka yi safararsu. Hukumar shige da fice ta USCIS tana ba da bizar T, wadda ke ba wanda aka yi safararsa damar zama shekara 4 da izinin aiki, bayan shekara 3 kuma yana iya neman zaman dindindin. Ma'aikatar lafiya ta HHS ita ke ba da takardar shaidar da ke buɗe masa tallafi irin wanda 'yan gudun hijira ke samu. Babba ana bukatar ya taimaka wa masu bincike, amma wanda bai kai shekara 18 ba ba a ɗora masa wannan sharaɗi. Sulhunku ne ke raba yarinyar da duk wannan, ta koma gidan da ta fito, ta sake dawo mana da sabon rauni.

Ke 'yar'uwa, ba ke ce mai laifi ba. Ki nemi a bar ki ke kaɗai da ma'aikaciyar jinya, ki nemi tafinta wanda ba ɗan gidan ba, ki adana saƙonnin waya da duk wata takarda, ki ga lauyan shige da fice kafin ki sa hannu a kan komai. Layin taimako na ƙasa shi ne 1-888-373-7888, dare da rana.