Ciwon Damuwa Bayan Haihuwa: Jariri Ma Yana Ji a Jikinsa

Jariri ɗan wata uku bai iya magana ba, amma yana hira. Zai kafe uwarsa da ido ya yi gwaranci, ita ta ɗaga gira ta amsa masa, ya wuntsila ƙafa ya sake. A wannan 'yar hirar yake koyon cewa in ya kira za a amsa, in ya firgita akwai mai lallashi. Daga nan natsuwar zuciyarsa take farawa.

A 1975 wani masani ɗan Amurka, Edward Tronick, ya nuna abin da ke faruwa in hirar ta katse. An sa uwa ta daina murmushi da amsawa na 'yan mintuna, ta zuba wa ɗanta ido kawai. Yaron ya yi murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara, da ya ga ba amsa sai ya kau da kai ya fashe da kuka. Uwar da ciwon damuwa ya kama tana iya shafe watanni a wannan hali, ba da son ranta ba.

Muna ganin irin waɗannan mata a layin riga-kafi a nan Katsina. Za a soka wa yaro allura ya tsandara ihu, uwar ta tura masa nono a baki idonta na kan bango. In ka ce, "Maman jariri, ya jikin?" sai ta ce da sauƙi, alhali ta rame, ba ta barci ko da yaron ya yi barci, abinci ba ya mata daɗi, kuma ta yarda a ranta ita uwar banza ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin 5 na fama da irin wannan larura bayan haihuwa. Kukan da ke zuwa wa mai jego a kwanakin farko yakan wuce kafin mako 2. Wanda ya zarce haka, ko ya ƙaru, ciwo ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ciwon ke ɓuya a cikin al'adarmu. Mun san alkunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta masa wasa a gaban surukai. Amma mai alkunya in ta shiga ɗaki su biyu, tana masa wasa har ya ƙyalƙyale da dariya. Mai ciwon damuwa ko a ɗaki shiru ne. Mutanen gida sai su yaba da kunyarta, ko su ce son jiki ne, ko iska ta shafe ta, har a yi arba'in a wuce ba wanda ya tambaye ta abin da ke ranta.

Dalilan suna da yawa: sauyin sinadaran jiki bayan haihuwa, rashin barci, talauci, rikici da miji ko kishiya, rasa ɗa a baya. Ga matan da rashin tsaro ya taso daga ƙauyukan Batsari, Jibiya da Safana, suna goyo a gidan aro da firgici a zuciya. Uba ma yana kamuwa, sai dai nasa yakan fito ta faɗa da ƙaurace wa gida.

Yaron da ya daɗe ba a amsa masa yakan zama mai yawan kuka da wuyar lallashi, ko kuma ya yi shirun da ake cewa "yaron nan akwai haƙuri". Wasu magana na musu jinkiri, wasu su taso da tsoro ko saurin fushi. Bincike a ƙasashe masu tasowa ya kuma danganta ciwon uwa da rama da tsumburewar yaro. Ba kowane yaro ke shafuwa ba, musamman in akwai wani babba a gidan da ke kula shi. Don haka kaka, gwaggo, da kai maigida, ku ɗauki yaron ku yi masa hira, ku bar uwar ta yi barci.

Ciwon yana warkewa. A yi addu'a, a kuma je asibiti. Ranar awo ko riga-kafi, ki gaya wa ma'aikaciyar lafiya gaskiyar halin da kike ciki. In ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti za a tura ki Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Wata zama da mai ba da shawara ya ishe ta, wata sai da magani, kuma akwai waɗanda likita ke bai wa mai shayarwa. Kada a sayi na kemis.

In mai jego ta fara maganar kashe kanta ko cutar da jaririn, ko tana jin muryoyi, ko ta rikice ta kwana biyu ba barci, kada a bar ta ita kaɗai da yaron. A kai ta asibiti a ranar.