Ƙa'ida ta biyu: dokar da ta raba Rybka da kambunanta

Matasan Bauchi masu koyon rubuta manhaja, musamman ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, sun san da wuya a yau a gina wani abu ba tare da an ɗebo daga aikin wasu a intanet ba. Inda aro yake ƙarewa satar fasaha ta fara shi ne abin da aka daɗe ana jayayya a kansa a gasar manhajojin wasan ces, darar nan ta Turawa.

Ƙungiyar ICGA, wadda ta riƙa shirya gasar duniya ta waɗannan manhajoji, tana da dokar da aka fi sani da ƙa'ida ta biyu. Ta ce dole kowace manhaja ta kasance aikin waɗanda suka shigar da ita, idan kuwa akwai rubutun wani a cikinta, wajibi ne a ambaci mai shi a takardar shiga gasa. Manhajar da aka gano kwafin wata ce, misali kusan duk motsin da waccan za ta yi shi take yi, alƙalin gasa yana iya soke ta bayan ya nemi shawarar masana, kuma yana da ikon cewa a nuna masa asalin rubutun. Ke nan ba aro aka hana ba, ɓoye shi aka hana. A 2003 an kori manhajar List daga gasar birnin Graz saboda ba a miƙa rubutunta ba da aka nema.

Shari'ar da ta fi tayar da ƙura ita ce ta Rybka, manhajar Vasik Rajlich, wadda ta ci gasar duniya sau huɗu a jere, daga 2007 zuwa 2010. An zarge shi da kwasa daga Crafty ta Robert Hyatt da Fruit ta Fabien Letouzey, wadda aka saki rubutunta a fili a 2005. Da yake na Rybka a rufe yake, sai masu bincike suka warware manhajar kamar yadda tela ke farke riga don ya ga yankanta, suka gwada yadda take auna tsaron sarki da darajar ɗan da ya samu hanya babu mai tare shi, suka ce kamanceceniyarta da Fruit ta yi yawa. A watan Yunin 2011 aka ƙwace kambunan, aka kuma haramta wa Rajlich shiga gasar har abada.

Rajlich bai musa cewa ya yi nazarin Fruit ba, amma ya ce dabaru ya ɗauka, ba rubutu ba, magoya bayansa kuma suka nuna cewa yadda Rybka ke adana allon wasa ya sha bamban. Nan ne raunin ƙa'idar yake, domin ba ta fayyace iyakar dabara da rubutu ba.

A ganina ƙwace kambun yana da hujja, tun da ambaton suna bai da wuya kuma ba a yi ba. Haramcin har abada kuwa ya wuce gona da iri, domin ba a rubuta shi a dokar da ya shiga gasa a kanta ba. Kwamitin ɗa'a na hukumar ces ta duniya, FIDE, ya gargaɗi ICGA a kan wannan a 2015, sai dai ba a mayar wa Rybka da kambunanta ba.